Lagireton Hita da Yoyon Tiyo: Bayani kan Gyaran Hanyar Ruwan Inji ga Masu Motoci a Château Rouge da Lyon

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan matsaloli biyu da ke yawan addabar tsofaffin motoci a lokacin hunturun Faransa, wato lalacewar ƙaramin lagireton da ke ɗumama cikin mota da kuma yoyon tiyon ruwan inji. An ɗora bayanin a kan yanayin unguwar Château Rouge ta birnin Paris da unguwar Guillotière ta birnin Lyon, inda 'yan Afirka ta Yamma, har da Hausawa, suke hada-hadar kasuwanci da ƙananan motocin ɗaukar kaya. Maƙalar ta nuna cewa wasu dabarun da kanikawa suka saba da su a Kano da Maraɗi, kamar kewaye hita da cire tamostat da zuba zallan ruwa a lagireto, yanayin zafi ne ya haife su, kuma sukan zama haɗari a ƙasar da ruwa ke daskarewa. An fayyace yadda ruwan inji ke zagayawa, da hanyoyin gano yoyo, da matakan gyara, da abin da dokar Faransa ta tanada.

Fitilun Kalmomi: lagireto, hita, tiyo, ruwan inji, kanikanci, Château Rouge, Lyon

1.0 Gabatarwa

Château Rouge yanki ne na unguwar Goutte d'Or a gunduma ta 18 ta birnin Paris, kuma da sunan ake kiran tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta layi na 4 da ke bakinsa. Tun a shekarar 1999 masaniyar halayyar al'umma Sophie Bouly de Lesdain ta bayyana shi a matsayin cibiyar 'yan Afirka a Paris. A kasuwar titin Dejean da titunan Poulet da Poissonniers ake samun doya da kuɓewa da manja da busasshen kifi da atamfa. Da yawa daga cikin masu saye sun fito ne daga ƙasashe irin su Mali da Senegal da Kwaddebuwa da Kamaru da Kwango, Hausawan Nijar da Nijeriya da Gana kuwa tsiraru ne a cikinsu. A birnin Lyon, unguwar Guillotière ce ke taka irin wannan rawa.

Kasuwanci irin wannan ba ya tafiya sai da mota. Kaya da yawa ana ɗauko su ne da asubar fari daga babbar kasuwar Rungis, wadda aka buɗe a kudancin Paris a 1969, a cikin ƙananan motocin kaya irin su Renault Kangoo da Trafic da Peugeot Partner da Citroën Berlingo. Mai ƙaramin jari tsohuwar mota yake iya saye, tsohuwar mota kuwa roba da ƙarfen da ke ɗauke da ruwan injinta sun riga sun gaji. Idan sanyi ya shigo, direban da hitarsa ta mutu ba ɗari kaɗai zai sha ba, gilashin gabansa ma zai rufe da raɓa ya kasa ganin hanya. Idan kuma ruwan ya tsiyaye bai lura ba, injin ne zai tafi, tare da jarin da ke kansa.

2.0 Mota Ɗaya, Yanayi Biyu

Dangantakar Bahaushe da motar Faransa tsohuwa ce. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, kuma a shekarun da suka biyo baya ana yin jigilar sassan motocin ta jirgin sama daga filin jirgin Satolas na Lyon zuwa Kano. A kan Peugeot 504 kanikawa da yawa na Arewa suka koyi sana'a. Daga baya aka shiga zamanin motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake lodawa a tashoshin ruwa irin su Antwerp, a sauke a Kwatano, su bi ta Gaya zuwa Yamai da Maraɗi ko su shiga Nijeriya. Su ne ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017.

Motocin nan an ƙera su ne domin ƙasar sanyi, sai suka sami kansu a inda zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, sanyin hunturu kuma bai taɓa daskarar da ruwa ba. Daga nan wasu dabaru uku suka samu gindin zama a gareji. Ta farko, idan hita ta fara yoyo sai a cire tiyonta biyu a haɗa su da juna, tunda ba mai bukatar ɗumi. Ta biyu, a cire tamostat bisa zaton cewa ita ke sa inji zafi. Ta uku, a riƙa cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya kowace safiya.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka bakaniken da ya ƙware a gida ya zo Faransa yakan taho da waɗannan dabaru, mai motar ma yakan nemi a yi masa su saboda araha. Sai dai yanayin daban ne. A Paris da Lyon ma'auni kan sauka ƙasa da sifili a daren hunturu, kamar yadda aka gani a tsananin sanyin Fabrairun 2012. Zafin ma bai bar su ba, domin Paris ta kai digiri 42.6 a ranar 25 ga Yulin 2019. Ke nan motar da ke aiki a can tana bukatar hanyar ruwan da za ta jure ƙanƙara da ƙuna duka biyu.

3.0 Yadda Ruwan Inji ke Zagayawa

Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa yana zama zafin da dole ruwa ya kwashe. Famfon ruwa ne ke tura ruwan ta cikin ramukan da ke kewaye da silinda, ya ɗebi zafi, ya wuce babban lagireto da ke gaban mota, iska da fanka su huce shi, sannan ya dawo. Tamostat ƙofa ce da ke tsakanin inji da babban lagireto. Tana rufe muddin inji na da sanyi, ba ta buɗewa sai ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90 ko sama kaɗan, gwargwadon ƙirar mota.

Lagireton hita reshe ne na wannan hanya. Ƙaramin lagireto ne, girmansa bai wuce na littafi mai kauri ba, yana ɓoye a cikin akwati a bayan dashbod. Tiyo biyu ne suke ratsa bangon da ya raba ɗakin inji da mazaunin direba, ɗaya ya kai masa ruwan zafi, ɗaya ya mayar. Wata ƙaramar fanka ke hura iska ta tsakanin siraran bututunsa, iskar ta ɗauki ɗumi ta fito ta ƙafafu ko ta gindin gilashi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar laima, shi ya sa take share raɓar da numfashin mutane ke tarawa a gilashin gaba, ta kuma narkar da ƙanƙarar da ta kwana a bayansa.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne hanyar ruwan rufaffiya ce, kuma tana aiki ne da matsi. Murfin tankin ruwa yana riƙe matsin da ya kai ba 1 zuwa ba 1.5 kafin ya saki. Zallan ruwa yana tafasa a digiri 100 a buɗaɗɗen wuri, amma da ƙarin matsin ba 1 sai ya kai kusan digiri 120. Saboda haka ɗan yoyo, komai ƙanƙantarsa, asara biyu yake jawowa: ruwa na raguwa, matsi kuma na zubewa, wanda ya rage sai ya tafasa da wuri.

3.1 Ruwan Kansa

Ruwan da aka tanada domin inji haɗi ne na tataccen ruwa da sinadarin etilin gilaikol da magungunan hana tsatsa. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. A shagunan Faransa ana sayar da shi a haɗe, an rubuta iyakarsa a jikin jarka, misali 25 ko 35 ƙasa da sifili. Zallan ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari, ƙarfin wannan kumburi ya isa ya fasa lagireto ko ya tsaga gangar injin kanta a dare ɗaya. Bayan haka ruwan famfon Paris yana da yawan alli, wanda ke daskarewa a jikin bututu. Bututun lagireton hita su ne mafi siranta a duk hanyar, don haka su ke fara toshewa da alli da tsatsa. Ruwan inji iri-iri ne, launinsa kuma ba hujja ba ne. Abin dogaro shi ne lambar da kamfanin motar ya ambata a littafinta, domin gauraya iri biyu da ba su dace ba na iya raunana maganin tsatsar ko ya haifar da dagwalo.

4.0 Gano Inda Matsala Take

Lagireton hita yana lalacewa ta hanya biyu, ko ya huje ko ya toshe. Idan ya huje, za a ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, gilashi ya riƙa yin hazo mai maiƙo wanda tsumma ba ya gogewa sarai, kafet ɗin ƙarƙashin dashbod ya jiƙe da ruwa mai santsi, tankin ruwa kuma ya riƙa raguwa ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Idan toshewa ya yi, iska mai sanyi ce za ta fito alhali inji ya yi zafi. Ana tabbatar da haka ta hanyar taɓa tiyon biyu a hankali: idan ɗaya ya yi zafi ɗaya kuwa da ɗan ɗumi ko sanyi, ruwa ba ya ratsawa. Idan duka biyun ba su yi zafi ba, a duba ƙarancin ruwa, ko iskar da ta maƙale a hanya, ko tamostat da ta tsaya a buɗe. Idan duka sun yi zafi amma ɗumi bai fito ba, laifin na ƙyauren da ke karkatar da iska ne a cikin akwatin.

Yoyon tiyo yakan bar farin gari ko busasshen launi a bakin mahaɗa. Mafi ingancin gwaji shi ne a ɗaura famfon gwajin matsi a bakin tankin ruwa lokacin da inji ke sanyi, a hura har zuwa adadin da ke rubuce a murfi, kada a wuce. Idan allura ta fara sauka, sai a bi hanyar da tocila: bakin kowane tiyo, gidan tamostat wanda a motoci da yawa na roba ne, ƙasan famfon ruwa, gefen lagireto, da kafet ɗin ciki. Murfin ma a gwada shi, domin murfi mai rauni yana zubar da ruwa kamar huji.

Kafin a kashe kuɗi a kan hita, wajibi ne a tabbatar gasket ɗin kan inji bai ƙone ba. Alamominsa su ne farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa a tankin ruwa, tiyo ya yi tauri da zarar an tayar da mota, ko man inji ya koma kamar madara. Ƙonannen gasket yana tura iskar ƙonewa cikin ruwa, matsin ya fasa duk sabon abin da aka saka.

Ba a buɗe murfin ruwa inji na da zafi. Ruwan da ya haura digiri 100 zai yi tsartuwa ya ƙone fuska da hannu.

5.0 Gyaran Yoyon Tiyo

Tiyon ruwa na roba ne mai zare a ciki, kuma sau da yawa daga ciki yake fara ruɓewa, musamman kusa da bakinsa. A matsa shi da yatsu yana sanyi. Wanda ya yi laushi kamar soso, ko ya kumbura, ko ya bushe yana tsattsagewa, lokacinsa ya yi. Man inji da ke ɗiga a kan tiyo yana narkar da robar, don haka sai an tsayar da yoyon man kafin sabon tiyo ya daɗe.

Ana fara aikin da tsiyaye ruwa a cikin roba mai faɗi har ya sauka ƙasa da wurin gyara. A sassauta kilif, a murɗa tiyon a hankali. Idan ya manne, gara a tsaga shi da wuƙa da a ɓanɓare shi da sukundireba, domin bakin bututun roba ko na alminiyon ba ya jure dole. A goge bakin ya yi fes, a saka sabon tiyo mai lanƙwasa irin ta tsohon, a zaunar da kilif a bayan tudun bakin bututu. Kilif mai sifirin ya fi na murɗawa a nan, saboda yana bin roba idan ta kumbura da zafi ko ta tsuke da sanyi, kuma wannan tsukewar ce ke sa wasu motoci yoyo da asubar hunturu kaɗai. A inda mahaɗar ta ƙulle-da-kanka ce, zoben robar da ke ciki shi ke gajiya, a sauya shi.

Ɗaure tiyo da robar tif ko salatif na iya kai mota gareji, amma ba gyara ba ne. Haka ma garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto, wanda bai san bambancin huji da siririn bututun hita ba.

6.0 Sauya Lagireton Hita

Wanda ya toshe ana iya gwada wanke shi ta hanyar tura ruwa marar ƙarfi daga tiyon fita zuwa na shiga. Wanda ya huje sai sauyi. Kayan kansa ba shi da tsada sosai, kuɗin yana tafiya ne a aiki, domin a wasu motoci ana zaro shi ta gefen ƙafa, a wasu kuwa sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin da kan cinye yini. Matakan su ne:

1. A bar inji ya huce, a cire kan batir, a jira 'yan mintoci kafin a taɓa wayoyin jakar iska.
2. A tsiyaye ruwa a mazubi, a cire tiyo biyu a jikin bango, a hura ragowar ruwan da ke cikin lagireton don kada ya zube a kan wayoyi.
3. A kwance abin da ya tare hanya, ana yi wa kowace waya da noti alama.
4. A zaro tsohon, a wanke akwatin, a ɗaga kafet a busar da soson da ke ƙarƙashinsa.
5. A saka sabon tare da sababbin zoben roba da soson da ke kewaye shi, wanda ke hana iska bi ta gefe.
6. A haɗa tiyo, a yi gwajin matsi tun kafin a mayar da dashbod.
7. A wanke hanyar ruwan duka, a cika da ruwan da ya dace, a fitar da iska.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Motocin Peugeot da Citroën da Renault da yawa suna da ƙananan notocin fitar da iska a kan tiyon hita ko gidan tamostat. A buɗe su, a riƙa zuba ruwa har ya fito ba kumfa, a rufe su daga na ƙasa zuwa na sama. Sannan a tayar da inji har fanka ta kama, a bar shi ya huce, a sake duba ma'auni. Iskar da aka bari a ciki tana hana hita ɗumi, tana kuma barin wani sashe na kan inji ba ruwa.

Idan fitar da akwatin na bukatar kwance bututun na'urar sanyaya mota, aikin ya fita daga hannun mai gyaran gida. Dokar Faransa ta keɓe taɓa gas ɗin sanyaya ga garejin da ke da shaidar izini da na'urar zuƙe shi.

7.0 Dabarun Gida da Dokar Faransa

Kewaye hita yana da amfani a matsayin agajin gaggawa, kuma daidai shi ne a haɗa tiyon biyu da guntun bututu maimakon a toshe su, domin a motoci da yawa ruwa na bin wannan reshe a kowane lokaci. Amma barin mota haka a hunturun Lyon tuƙi ne da rufaffen gilashi. Cire tamostat kuwa yana hana inji kaiwa zafin aikinsa, ya ƙara shan mai, hita ta kasa ɗumi, matatar hayaƙin motar dizal ta cika da toka. Ko a Kano ba shi da fa'ida, tunda a wasu injuna tamostat ce ke rufe gajeriyar hanya ta tilasta ruwa bi ta lagireto.

Tun 1 ga Janairun 1992 binciken lafiyar mota ya zama wajibi a Faransa, ana yin na farko kafin mota ta cika shekara 4, sannan duk bayan shekara 2. Gyaran dokar na 20 ga Mayun 2018 ya kasa lahani gida uku: ƙarami, babba, da mai haɗari. Babban lahani yana ba da wata 2 a gyara a dawo, mai haɗari kuwa yana tsayar da mota daga ƙarfe 12 na daren ranar. Na'urar share raɓar gilashi da yoyon ruwaye suna cikin abubuwan da ake dubawa, kuma yoyon da ke kwarara ba tsayawa na iya faɗawa rukuni na uku.

Akwai kuma batun wurin gyara. Titunan Château Rouge matsattsu ne, don haka kanikancin bakin titi ya fi yawa a garuruwan arewacin Paris irin su Saint-Denis da Aubervilliers da Stains. Nazarin da Abou Ndiaye da Khedidja Mamou da Agnès Deboulet suka wallafa a mujallar Métropolitiques a 2019 ya jawo hankali ga amfanin wannan sana'a ga masu ƙaramin ƙarfi, duk da kallon rainin da ake yi mata. Sai dai dokar 5 ga Yulin 1996 ta shardanta takardar ƙwarewa ko gogewar shekara 3 ga mai sana'ar gyaran mota, dokar hanyoyi kuma ta tanadi tarar da ke iya kaiwa Yuro 1,500 ga wanda ya zubar da abu mai cutarwa a titi. Etilin gilaikol guba ne mai lalata ƙoda, zaƙinsa kuma na jan yara da dabbobi, don haka tsohon ruwa wurin karɓar shara mai haɗari na gunduma ake kai shi a rufaffiyar jarka. Ga wanda kuɗin babban gareji ya fi ƙarfinsa, akwai garejojin ƙungiyoyin taimakon juna da waɗanda ake hayar wuri da kayan aiki a cikinsu.

8.0 Kammalawa

Bayanin da ya gabata ya nuna cewa lagireton hita da tiyo da murfi da tamostat gaɓoɓi ne na hanya ɗaya rufaffiya, raunin ɗaya yana shafar sauran. Ƙwarewar bakaniken da ya koyi aiki a Kano ko Maraɗi wajen gano cuta da kunne da yatsa jari ce a ko'ina. Abin da ke bukatar sauyi shi ne dabarun da aka gina a kan cewa ruwa ba ya daskarewa, idan kiɗa ya canza kuwa rawa ma sai ta canza. Ga mai motar kaya a Château Rouge ko Guillotière, lokacin da ya dace a duba ƙarfin ruwan inji, a matsa kowane tiyo, a gwada murfi da hita shi ne watan Oktoba, kafin sanyin farko ya sauka.